Shin Saba Za Ta Iya Gane Ƙarfin Sabis ɗin Mai Sauraro? Nazarin Wani Aiki a Zariya

A cikin watan Rajab na 1445, wato daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairun 2024, aka danƙa mini kula da shafin intanet na wata makarantar zaure da ke cikin birnin Zariya. Aikin shafin guda ɗaya ne: ana ɗaukar karatun da Malam yake bayarwa tsakanin Magariba da Isha'i, a ɗora muryar a shafin, domin almajiransa da ke Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada, da na ƙauyukan da ke kan hanyar Giwa da Hunkuyi, da 'yan kaɗan da neman abinci ya kai su ƙasashen waje, su samu su saurara. Saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, haya aka kama a birnin Farankfot na Jamus, kuma manhajar da ke raba shafin nginx ce a kan Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Ana adana kowane karatu a fayil ɗin MP3 mai kilobit 128 a kowane sakan, wanda idan aka yi lissafi, da yake bit takwas ne bait ɗaya, karatun awa ɗaya yana cin megabait 57.6.

Koke ya yi yawa daga ɓangaren na ƙauye, cewa shafin ba ya buɗewa, idan kuma ya buɗe muryar takan tsaya a tsakiyar jimla ta yi ta juyi. Da azumi ya ƙarato, lokacin da ake ɗora tafsiri kullum kuma masu sauraro suke ninkawa, Malam ya kira ni ya ce: "Injiniya, ba za a iya sa na'urar ta gane wanda sabis ɗinsa yake da rauni ba, ta ba shi abin da zai iya ɗauka, mai ƙarfi kuma ta ba shi nasa?" Na ce: "Allah ya gafarta Malam, za a gwada." A lokacin na ɗauka aikin kwana biyu ne. Ya ɗauke ni fiye da wata biyu, kuma abin da na rubuta a nan shi ne bayanin hanyoyin da na bi ɗaya bayan ɗaya, da dalilin da ya sa kowace ta tsaya inda ta tsaya.

Hanyar farko ba ta ci lokaci ba. Na duba adireshin IP na kowane baƙo, wato lambar da wayarsa take shiga intanet da ita, da kuma bayanin da burauza take bayarwa game da kanta da irin wayar da take ciki. Adireshin yana nuna kamfanin layin da mutum yake amfani da shi, amma kamfanonin waya suna tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, saboda haka wanda yake zaune a ƙarƙashin turken sabis a PZ da wanda yake ɗaga waya sama a gona a bayan Hunkuyi suna iya zuwa da lamba iri ɗaya. Sunan waya kuma yana faɗin abin da wayar za ta iya ne kawai, ba ya faɗin abin da ta samu a wannan lokacin.

Daga nan na koma ga rijistar saba. Manhajar nginx tana rubuta adadin bait ɗin da ta aika wa kowane baƙo da tsawon lokacin da aikin ya ɗauka, kuma a ido abin da ya rage shi ne a raba wannan da wancan a samu sauri. Da na yi haka a kan shafin farko, sai rijistar ta nuna cewa kusan kowa ya karɓi shafin cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, har da wani almajiri da na san tabbas yana kan 2G a lokacin, domin ina magana da shi ta wani layin yana gaya mini cewa allon wayarsa fari ne fat. Dalilin yana cikin yadda Linux take aiki. Idan nginx ta ce ta aika, abin da ta yi shi ne ta zuba bayanan a wata ma'ajiyar wucin gadi da tsarin Linux ya ware wa wannan haɗin, daga nan ta juya ta kama wani aikin, Linux kuma ta ci gaba da turawa a hankali gwargwadon yadda hanya ta ba da dama. Kamar mutum ne ya kai kaya tashar Kwangila, ya miƙa wa direba, ya rubuta a littafinsa cewa kaya sun isa, alhali motar ko lodi ba ta gama ba. Duk abin da bai fi girman ma'ajiyar ba, lokacin da aka rubuta masa lokacin miƙa wa direba ne. A kan manyan fayilolin murya lissafin yana kusantar gaskiya, domin sun fi ƙarfin ma'ajiyar, dole nginx ta riƙa jira. Sai dai a nan ilimin yana zuwa ne bayan an riga an ɗora wa mutum megabait 57.6, lokacin da zaɓin ya wuce.

Hanya ta uku ta fi waɗannan tushe. TCP ita ce ƙa'idar da waya da saba suke bi wajen aika wa juna bayanai ƙunshi-ƙunshi. Linux tana riƙe da bayanai a kan kowane haɗin TCP, waɗanda ake karantawa ta TCP_INFO, kuma nginx tana fito da wasu daga cikinsu, har da lokacin zuwa da dawowa, wato tsawon lokacin da ƙunshin bayani yake ɗauka ya je wurin mai waya, amsar cewa ya isa kuma ta dawo. Amfaninsa shi ne ana samun adadin tun daga gaisuwar farko tsakanin waya da saba, kafin a aika ko harafi ɗaya na shafin. Amma dole a san abin da adadin yake aunawa. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200 a cikin wayar faiba a kowane milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga Zariya saƙo yana gangarawa Legas, ya shiga kebul na ƙarƙashin teku. Kebul ɗin MainOne, wanda ya fara aiki a 2010, yana da tsawon kimanin kilomita 7,000 zuwa Fotugal, daga can kuma a bi ƙasa zuwa Jamus. Idan aka haɗa, tafiyar ta kai kusan kilomita 10,000, zuwa da dawowa kuma kusan milisakan 100, kuma wannan kason yana kan kowa, mai 5G da mai 2G. Abin da ya hau kan wannan shi ne rabon turken sabis da cunkoson hanya. Da yake 2G tana ƙara jinkiri mai yawa, adadin ya taimaka wajen ware masu rauni ƙwarai. Sai dai tsawon hanya daban, faɗinta daban: ana iya samun jinkiri kaɗan a kan hanya mai ƙunci. Kuma idan WhatsApp yana sauke bidiyo a bayan fage, ƙunshin bayanai sukan yi layi a hanya, adadin ya kumbura ko da sabis ɗin yana da kyau.

Duk da haka na yi amfani da shi na kwana goma, har ranar da muka sa shafin a bayan wani kamfani mai rumbunan adana kwafin shafuka a birane da dama, ciki har da Legas, domin shafin ya matso kusa da masu sauraro. Shawara ce mai kyau kuma ba mu janye ta ba. Amma daga wannan rana wayar mai sauraro ta daina magana da sabarmu kai tsaye. Tana magana da rumbun, rumbun kuma shi ne yake magana da mu, saboda haka adadin da muke gani ya zama na tazarar da ke tsakaninmu da kamfanin, iri ɗaya ga kowa. Sai a lokacin na lura cewa wani kaso na baƙinmu tun can haka suke zuwa: masu amfani da Opera Mini a yanayin tsananin tsimi, inda sabobin Opera suke buɗe shafin a madadinsu, su matse shi, sannan su miƙa musu. Waɗannan su ne mutanen da suka fi kowa buƙatar a sauƙaƙa musu, kuma su ne awon yake nuna wa a matsayin masu sabis mafi kyau.

Na gwada sa burauzar ta sauke wani ɗan fayil na gwaji ta auna da kanta. Nan ma akwai iyaka da ba ta da alaƙa da ƙwarewar mai rubuta manhaja. Sabon haɗin TCP ba ya fara gudu da dukan ƙarfinsa. A tsarin da Linux take bi, wanda aka rubuta a takardar RFC 6928 ta 2013, zagayen farko ƙunshi 10 ne, kowane mai bait 1,460 a al'ada, wato bait 14,600. Idan amsa ta dawo sai a ninka, a sake ninkawa. Fayil mai kilobait 100 yana buƙatar zagaye uku. Idan kowane zagaye milisakan 150 ne, gwajin ba zai taɓa nuna fiye da kusan megabit 1.8 a sakan ba, komai faɗin hanyar. Don a ga ƙarfin gaske sai an yi gwaji da babban fayil, wanda ke nufin a ƙona wa almajiri data a kan abin da ba zai ji ba kuma ba zai karanta ba, kafin ma a ba shi abin da ya zo nema. Wannan ban ga halaccinsa ba, kuma na cire gwajin a ranar da na sa shi.

Abin da ya fi kusa da buƙatar Malam shi ne alamomin da burauza take aikowa da kanta. Idan shafi yana kan HTTPS, wato haɗin da ake ɓoye bayanansa, kuma saba ta sa umarnin Accept-CH a kanun amsarta, Chrome da burauzoji 'yan gidansa suna fara haɗo alamomi uku a buƙatun da za su biyo baya: RTT, wato jinkiri; Downlink, wato ƙiyasin sauri da megabit; da ECT, wanda yake zuwa da ɗaya daga cikin laƙabi huɗu, slow-2g, 2g, 3g ko 4g. Burauzar tana ƙiyasin ne daga abin da ta gani a zirga-zirgarta ta kwanan nan, saboda haka rumbun da ke tsakani ba ya ɓata shi. Akwai alama ta huɗu, Save-Data, wadda take zuwa ba tare da an nema ba idan mai waya ya kunna tsimin data a burauzar da ta san alamar. Ya kamata mai aiki da su ya kiyaye cewa laƙabin ECT ba ya nufin irin turken da wayar ta kama. Ma'auni ne: jinkirin da ya kai milisakan 2,000 shi ne slow-2g, wanda ya kai 1,400 shi ne 2g, wanda ya kai 270 shi ne 3g, abin da ya fi haka kyau kuma duk 4g ne, ko da wifi ne, haka kuma wayar da ke nuna 4G a saman allo za ta iya aiko 2g idan hanya ta cushe. Ana kuma dunƙule adadin jinkiri da na sauri da gangan, kuma Chrome ba ya faɗin abin da ya wuce megabit 10, duk domin kada shafuka su yi amfani da adadin wajen bin sawun mutane. Saboda wannan dalilin, da kuma dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta yi a 2023, ban haɗa waɗannan alamomi da adireshin kowa a rijista ba.

Giɓinsu biyu ne. Buƙatar farko ta sabon baƙo tana zuwa ba tare da alamomin uku ba, tun da burauzar ba ta riga ta ga umarnin ba. Safari da Firefox kuma ba sa aiko su. Duk da haka na gina tsarin a kansu: na yi wa kowane karatu kwafi biyu, babba da ƙarami, wanda ya zo da 4g ya samu babba, sauran su samu ƙarami, kuma na sa umarnin Vary domin kada rumbun ya adana shafin wani ya miƙa wa wani. Da wannan muka shiga azumi ranar Litinin 11 ga Maris, 2024, ina ganin haƙa ta cimma ruwa.

Ranar Alhamis 14 ga Maris, kwana huɗu ga azumi, kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. A wannan yini abin da rumbun Legas ya riga ya adana yana sauka lafiya, amma sabon tafsirin da sai an ɗauko shi daga Jamus yana rarrafe. Waya ɗaya, a hannun mutum ɗaya, a sa'a ɗaya, tana da sauri biyu gwargwadon inda kayan suke. Babu laƙabi guda da zai iya ɗaukar wannan bayani.

Abin da ya sauya aikin gaba ɗaya kuwa ba daga teku ya zo ba. Bayan sallar asham a cikin makon farko, wani dattijo tela da yake da shago a Tudun Wada ya tare ni a bakin zaure, ya ciro wayarsa daga aljihun gaba, allonta da tsaga a kusurwa, ya buɗe saƙon da kamfanin layinsa ya aiko masa da rana cewa datarsa ta ƙare. Ya ce: "Yaro, kai ne mai gyaran nan? Da can ina jin rabin karatu ya tsaya, in ci gaba gobe. Yanzu yana zuwa tas, amma abin da jikana ya sa mini na sati, kwana biyu ya yi." Na ce: "Baba, bari in gani." Shagonsa yana wurin da sabis yake da ƙarfi, burauzarsa tana aiko 4g, kuma tsarina ya yi daidai abin da na umarce shi, ya ba shi babban fayil kullum. Yana kunna karatun ne a ƙaramar lasifikar wayar, keken ɗinki yana aiki a gefe, inda kunne ba zai taɓa bambance kilobit 128 da 32 ba. Na auna ƙarfin hanyarsa, na ɗauke shi a matsayin ƙarfin aljihunsa, kuma kuskuren nawa ne. A garinmu waɗannan abubuwa biyu ba sa tafiya tare: ɗalibin da ke Samaru yana iya samun sabis mai kyau ƙwarai, amma datar yini ɗaya ya saya, kuma da ita zai yi aikin makaranta.

Wannan ne ya sa na ajiye tunanin amfani da HLS, tsarin da Apple ya fito da shi a 2009, wanda yake yanka murya ko bidiyo gunduwa-gunduwa, manhajar kunnawa ta auna yadda gunduwar baya ta sauka ta zaɓi girman ta gaba. A fasahance shi ne amsar da ta fi inganci ga tambayar sauri, domin yana aunawa a lokacin da ake aikin, da kayan da ake buƙata, a ɓangaren mai karɓa. Amma ɗabi'arsa ita ce ya hau sama duk lokacin da hanya ta buɗe, wato abin da ya cinye datar dattijon. Ban da haka, da na tambayi almajirai a zaure, na tarar da yawansu ba a shafin suke sauraro ba. Mutum ɗaya yakan sauke, ya tura wa sauran ta Xender ko Bluetooth, wani kuma ya zuba a memori ya sa a ƙaramar waya mai madannai ya kai wa mahaifiyarsa. Gunduwoyin HLS ba sa turuwa haka. Cikakken fayil suke so.

Tsarin da muka tsaya a kansa kafin goman ƙarshe shi ne kamar haka. Shafin farko na rage shi, na cire hotuna da duk wani ado, har ya dawo ƙasa da kilobait 14 bayan matsewa, domin ya shige cikin zagayen farko na TCP, ta yadda ba a buƙatar sanin saurin kowa kafin a nuna masa jerin karatu. A gaban kowane karatu akwai maɓalli uku, kuma a jikin kowane an rubuta nauyinsa da megabait ƙarara. Na tsakiya MP3 ne na mono, wato ba sitiriyo ba, kilobit 32, megabait 14.4 a awa, kuma shi ne yake sama ga kowa, domin kowace waya tana kunna shi. Ƙaramin an matse shi da Opus, tsarin matse murya da aka tabbatar a 2012, a kilobit 16, megabait 7.2 a awa. Babban yana nan ga mai so. Sabar tana amsa buƙatar Range, saboda haka idan sabis ya ɗauke a tsakiya, saukewar tana ci gaba daga inda ta tsaya. Alamomin burauza ban zubar da su ba, amma na rage musu iko zuwa abu ɗaya: idan Save-Data ta zo, ko ECT ya nuna 2g ko slow-2g, ƙaramin fayil ne yake hawa sama. Ba su da ikon ɗora wa kowa babban fayil. Idan mutum ya zaɓa da hannunsa, burauzarsa tana riƙe zaɓin, kuma zaɓinsa yana gaba da duk wani ƙiyasi.

Iyakar matsewar ba ni na yanke ta ba. Na kawo wa Malam kwafi huɗu na aya ɗaya da ya karanta, na sa masa abin ji a kunne, ya saurara ido a rufe, yana sa ni in maimaita wuraren da harufan sin da sad da sa'u suka zo kusa da juna, domin harufa masu shewa su ne farkon abin da yake dusashewa idan aka matse murya. Ya amince da Opus mai kilobit 16, ya ƙi MP3 mai kilobit 16, ya ce a wannan almajiri zai iya ɗaukar kuskure ya hardace. A kan hukuncinsa aka tsayar da MP3 a 32.

Abu biyu suna nan a buɗe. Ƙananan wayoyi masu madannai da yawa ba sa kunna Opus, saboda haka mafi sauƙin fayil ba ya isa ga waɗanda ake kai wa karatu a memori, kuma ina gwada MP3 mai kilobit 24, megabait 10.8 a awa, wanda zan kai wa Malam ya saurara. Na biyu, sabon karatu har yanzu daga Jamus yake fitowa a karon farko, kuma mun fara duba yiwuwar ajiye kwafin fayilolin a wata saba a cikin Nijeriya kafin azumi mai zuwa. Dattijon tela kuwa na zaɓa masa na tsakiya a wayarsa a wannan daren, na nuna masa inda ake rubuta nauyin, kuma ranar Sallah da muka haɗu a Ƙofar Doka ya gaya mini cewa ya ji tafsirin har zuwa rufewa.